A Fitar da Tsohuwar

Ranar da za a fasa bangon ɗakin ƙofa babu babba a gidan sai Gwaggo. Baba yana wurin aiki, Mama ta tafi zaɓen tayil, Yaya ya fice tun da safe don kada a sa shi ɗaukar kaya. Autar gidan, wadda Gwaggo ta laƙaba wa Mai Tabarau, tana zaune a kan matakala da littafi a cinya, tana karanta layi ɗaya tana maimaita shi saboda hayaniyar leburori.

Gidan bene ne siriri, tsoho, ya matsu tsakanin gidaje biyu kamar littafi a kanta, ƙofarsa a bakin titi. Baba ne ya gaje shi, suka tare kafin a gyara, a cewarsa sai mai gida yana kusa ake yi masa aiki mai kyau. Sun tarar da rufi mai yoyo, da famfo mai kuka, da kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifin Baba, wadda ta tsufa a ɗakin ƙofa. Idonta ya yi yana, haske da duhu kawai take bambantawa, ƙafar hagu kuma sai lallaɓawa. Amma ba ta neman ɗan jagora. Da tafin hannunta a bango take zuwa banɗaki, ta je kicin, ta dawo ta zauna a bakin tagarta, inda duk wanda ya wuce sai ya gaishe ta.

Magini ya kira Baba. Hannunsa duk siminti ne, don haka ya ƙara murya ya ajiye wayar a kan bulo, kowa yana ji.

"Yallaɓai, mun zo kan ɗakin ƙofa. Mu fara?"

"Tsaya, tsaya! Kun fitar da tsohuwar?"

Magini ya leƙa ɗakin. Gwaggo tana kan kujerarta a bakin taga.

"Tana ciki, yallaɓai."

"To kada wanda ya ɗaga guduma sai an fitar da ita. Ku ɗauke ta cak, kada a ja ta a ƙasa, ƙafarta ɗaya ba ta da ƙwari. Ku kai ta ƙarƙashin bene."

"Ƙarƙashin bene? Inda muke ajiye siminti?"

"Nan ne babu mai bugunta. Ku nemi bargo ku lulluɓe ta da kyau. Ina cikin taro."

Ya kashe.

Mai Tabarau ta ɗago kai. Ta san abin da Baba yake nufi. Jiya a wurin cin abinci iyayenta sun yi ta gardama a kan durowa biyu, sabuwar da Mama take so a saya da tsohuwar da ke ɗakin Gwaggo, wadda Baba ya ce irin katakonta ba a samunsa yanzu. Sabuwar kaza, tsohuwar kaza, har abinci ya huce.

Ta buɗe baki. Magini ƙato ne mai murya, kuma tun da aka fara aikin ko gaisuwa ba ta taɓa iya ɗaga masa murya da ita ba. Ta ce a ranta, in kuma ni ce ban gane ba fa? Leburori za su yi mata dariya. Ta tsaya tana shirya maganar a kanta yadda za ta fito daidai, kamar yadda take yi kafin ta ɗaga hannu a aji. Kafin ta gama shiryawa sun shiga.

Magini ya durƙusa har ƙasa.

"Iya, maigida ya ce a ɗan matsar da ke."

"Ɗan Yaya ne ya ce?" Haka take kiran Baba, ɗan wanta.

"Shi ne, Iya."

"To ai shi ke nan. Amma ku riƙe ni da kyau, ban taɓa hawa jirgi ba."

Suka ɗauke ta ita da kujerar. Da suka zo wucewa ta wajen matakala ta juyo da fuska.

"Mai Tabarau, ina jin motsin takardarki. Ki duba ki gani, ni da ban yi boko ba, ni aka fara ɗagawa sama."

Yarinyar ta yi murmushin da Gwaggo ba ta iya gani. Tana kallo aka shiga da ita ƙarƙashin bene, aka kawo bargo aka lulluɓe ta da tsakar rana. Daga nan guduma ta fara.

Da yamma Baba ya dawo ya tarar da rabin bango a ƙasa, durowar tana tsaye a inda take, ta yi fari fat da ƙura, ɓaraguzan bulo sun tsaga madubinta.

"Me na ce maka? Me na ce maka a waya?"

"Wallahi mun fitar da ita, yallaɓai. Har bargon mun sa mata."

"To wannan mece ce?"

Magini ya dubi durowar, ya dubi ƙarƙashin bene, ya cire hula ya kama sosa kai.

Yaya ne ya fara fashewa da dariya, sai Mama ta rufe baki da gefen mayafi, sai leburori, a ƙarshe Baba ma ya zauna a kan buhu yana dariya har da hawaye. Daga ƙarƙashin bene aka jiyo muryar Gwaggo.

"Ashe ba ni ce tsohuwar ba! To madalla, na koma yarinya."

Baba ya je ya durƙusa a gabanta, ya yaye bargon. Ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Yanzun nan za a mayar da ke."

Amma ina? Ɗakinta ba bango. Falo cike yake da kwalaye har silin. Sama kuwa ƙafarta ba ta hawa. Kowa ya tsaya yana kallon kowa.

"Tunda an riga an kawo ta," in ji Mama, "a shigo mata da katifarta mana. Kafin a gama ne."

Aka shigo da katifa. Ita kuma durowar, Baba da kansa ya tsaya a kan leburori suka hau da ita sama, yana cewa a hankali, a hankali, har suka jingina ta a ɗakinsa.

Wurin ba ɗaki ba ne, ko da yake tun daga ranar kowa ya koma ce masa ɗakin Gwaggo. Ba taga. An tura buhunan siminti gefe ɗaya, ba a fitar da su ba saboda ruwan sama. Duk wanda ya hau bene ko ya sauko a kan Gwaggo yake takawa, ƙasa tana zubo mata daga tsakanin katako. Da fari tana yi musu ba'a, tana gane kowa da takunsa.

"Yayanku ke nan, kamar an koro shi. Wannan kuma Mai Tabarau ce, tana tafiya tana neman afuwar matakala."

Wata safiya Mai Tabarau ta sauko ta tarar da ita a tsaye a lungun da ke zuwa banɗaki. An kankare tsohuwar filasta, an toshe ƙofar banɗakin da bulo, an buɗe sabuwa ta ɗaya gefen, kuma babu wanda ya tuna ya gaya mata. Tana shafa bulon da hannu biyu, sama da ƙasa. Zanenta ya jiƙe, ruwan ya gangaro har ƙarƙashin silifas ɗinta.

"Wa ya sace ƙofa?" ta ce, tana so ta yi dariya, dariyar ba ta fito ba. "Ke ce? To ki yi kamar ba ki gani ba. Ai kin iya."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, ko kuma da manufa, yarinyar ba ta sani ba. Ta kama hannunta ta kai ta, ta ɗauko tsumma ta goge wurin kafin leburori su iso. Amma Mama ta ga zanen a igiya ta gane. Da rana sai ga ta da fo mai murfi.

"Ya fi mata sauƙi. Da wannan yawo a cikin ƙusoshi da wayoyin wuta, ta faɗi a ce mun yi sakaci."

Gwaggo ta shafa fon, ta gane abin da yake, ta tura shi bayan buhu. Daga baya ta jawo shi.

Mutanen titi sun yi cigiya. Tela na gefe ya tsaya a inda tagar take a da, yana leƙe ta tsakanin katakan da magina ke hawa.

"Ina Iyarmu ta shiga ne? Ko an yi mata miji?"

"Tana hutawa," in ji Mama. "Za ta ji."

Matar telan ta zo da kanta, Mama ta tare ta a bakin ƙofa ta ce gidan ba ya shiguwa, sai an gama. Mai wanki ya tambaya, mai shara ya tambaya. A hankali suka daina.

A bakin taga Gwaggo ba ta taɓa neman agogo ba. Buɗe shagon tela ya ishe ta, da keken mai wanki, da ihun 'yan makaranta in an tashi. A ƙarƙashin bene babu ko ɗaya. Sai ta fara tambayar ko gari ya waye ana tsaka da rana. Wata yamma ta ce a kawo mata shayin safe.

"Rikicin tsufa ne ya fara," in ji Yaya yana danna waya. "Duk haka suke."

Mai fenti ya zo da bokitansa, ya rasa inda zai kulle su sai nan. Tari ya kama Gwaggo, busasshe, irin wanda yake sa mutum ya dafe ƙirji. Baba ya sayo maganin tari, ya sayo mata 'yar rediyo, ya sayo sabon bargo mai laushi. Amma shi kansa ya daina shiga. Zai tsaya daga waje ya ce Gwaggo ya jiki, kafin ta gama amsawa ya ce ana jiransa. Daga baya ya koma cire takalmi a ƙasan matakala, ya hau a kan yatsun ƙafa.

"Ɗan Yaya ya fara tafiyar ɓarawo a gidansa," Gwaggo ta ce wa Mai Tabarau. "Ki ce masa ya sa takalminsa, kada ƙusa ta soke shi. Ba zan kira shi ba."

Yarinyar ba ta isar da saƙon ba. Ba ta san da wace fuska ake faɗin irin wannan ba.

Ɗakin ƙofa ne aka fara gamawa. Ya yi kyau, ba a cewa komai: tayil mai sheƙi, bango fari tas, sabuwar taga ta gilashi. Mai Tabarau ta ji zuciyarta ta yi sauƙi. Ta fara tunanin yadda za ta kama hannun Gwaggo, da abin da Gwaggo za ta ce.

A wurin cin abinci Baba ya yi gyaran murya.

"Na yi tunani a kan tayil ɗin nan. Santsi gare shi. Mai ƙafa biyu ma yaya ya ƙare, balle Gwaggo."

"Ga bango," in ji Mama. "Ka san da hannu take tafiya. Kafin ka ce kwabo ya koma jiya. Kuma duk baƙon da ya shigo, nan zai fara gani. Da fo da komai."

"Ba wannan ba ne," Baba ya ce da sauri. "Lafiyarta nake dubawa."

"Ni ma ita nake dubawa. Sannan ga yarinyar nan, jarrabawa a gabanta, tana karatu a kan matakala, idon ma ga shi nan da taimako yake gani." Mama ta rage murya. "Tsakani da Allah, Baban yara, mai ido ne yake buƙatar taga."

Cokalin Yaya kawai ake ji.

"Gwaggo fa?" in ji Mai Tabarau. Muryar ta fito ƙarama, har sai da Baba ya ce me kika ce.

"Na ce Gwaggo fa?"

"Za a gina mata nata a baya. Da banɗaki a ciki, da ƙarfen dafawa a bango. Wanda ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ke dai ki yi karatu."

Aka ba Mai Tabarau ɗakin ƙofa, kafinta ya zo ya buga mata kantar littattafai daga ƙasa har sama. Abin da ya fi damun Mai Tabarau shi ne ta so ɗakin. Ta so shi ƙwarai. Ba ta taɓa samun ƙofar da za ta rufe ba. Ta jera littattafanta, ta sauke, ta sake jerawa. In ta zauna a tebur haske yana zuba a kan takarda, sai ta manta da komai, har sai tari ya ratso lungu ya same ta. A nan sai ta tashi da sauri ta kai ruwa, ko lemo, ko abin da ba a ce ta kai ba.

"An gama ɗakina?" Gwaggo ta tambaye ta wata rana.

"Saura kaɗan."

"Saura kaɗan." Gwaggo ta jawo ta kusa, ta shinshina gefen rigarta. "Kina ƙamshin sabon katako, ƙawata."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Kada ki sa gado ta gefen hagu, rana tana dukan wurin da safe. In damina ta yi ƙarfi ki duba kusurwar ƙofa, ko sun ce sun gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo." Ta yi tari mai tsawo, ta share baki. "Kuma ki riƙa amsa gaisuwar mutane a tagar, ko da kina karatu. Kada a ce gidan ya mutu."

"To, Gwaggo."

Ba ta gaya mata cewa sabuwar tagar ba ta buɗuwa ba, kuma an ɗaga ta sama saboda ɓarayi.

Ɗakin baya bai zo ba. Da fari an ce sai an gama rufi. Da aka gama rufi aka ce sai mai famfo ya ja bututu. Da mai famfo ya zo ya ce babu inda tankin ruwa zai zauna sai nan, aka yi masa dandamali a daidai wurin. Baba ya tsaya yana kallon tankin, hannu a aljihu, ya daɗe.

"Za a san yadda za a yi," ya ce, ba da kowa ba.

"A bar kaza cikin gashinta," in ji Mama. "Ka ji ta yi ƙorafi? Kullum na tambaye ta sai ta ce lafiya lau."

Gaskiya ne. Kullum lafiya lau take cewa. Ta daina ba'ar taku, ta daina kunna rediyo. Ƙafar da take lallaɓawa ta ƙi lallaɓuwa saboda zama. Abinci yana dawowa kamar yadda aka kai shi, Mama ta ce ai tsofaffi ba su da ci. Mai Tabarau tana zama da ita ta karanta mata labari, ta kai tsakiya ta ga Gwaggo ba ta ji, tana shafa bangon da ke gefen katifarta ne kawai, wuri ɗaya, har ya yi santsi.

Ranar da leburori suka kwashe katakansu suka tafi, Baba da Mama suka fita sayen labule, Yaya ya bi su don a ajiye shi a hanya. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ba a yi ba tun da suka tare. Mai Tabarau ta tsaya a tsakiyar ɗakinta, kamar wadda za ta yi sata. Wannan karon ba ta tsaya shirya magana ba. Ta ja gadonta gefe, ta cusa tebur a kusurwa, ta ɗauko kujerar Gwaggo ta ajiye a ƙarƙashin taga. In sun dawo su tarar an yi. Duk abin da Baba zai ce, ya ce.

"Gwaggo, tashi mu je. An gama."

"Me aka gama?"

"Ɗakinki."

Gwaggo ta lalubi ɗankwalinta ta gyara ɗauri, ta sa silifas.

Tafiyar ta yi tsawo. Nauyinta duk yana kan kafaɗar yarinyar, kuma nauyin ba shi da yawa. Ta miƙa hannu ta taɓa bango, ta janye da sauri kamar ta taɓa wuta.

"Wannan ai kamar faranti."

"Fenti ne, Gwaggo. Ki dafa."

Ba ta dafa ba. Da suka zo ƙofar ɗakin ta ɗaga ƙafa sama don ta tsallake dokin ƙofa, ƙafar ta sauka a kan babu, ta yi taga-taga. An cire shi tun tuni. Ta tsaya, ta zare silifas ɗinta, ta yi sallama a hankali. Muryarta ta bugi tayil ta dawo.

"Gidan wa kika kawo ni?"

"Gidanmu ne. Ɗakinki ne. Ga kujerarki."

Ta zaunar da ita. Gwaggo ta miƙa hannun dama zuwa inda ya saba sauka, ta sami bango. Ta matsa sama, bango. Sai da ta miƙe rabi sannan yatsunta suka taɓa gilashi mai sanyi. Ta lalubi mariƙi, babu. Ta kasa kunne. A waje tela yana wucewa da yadi a kafaɗa, Mai Tabarau tana ganin saman hularsa. Ta ƙwanƙwasa masa gilashin da ƙarfi, bai waiwayo ba. Ko ƙarar titi ba ta shigowa.

Gwaggo ta koma ta zauna, ta tattara hannuwanta a cinya, ta naɗe ƙafafu a ƙarƙashin kujera kamar baƙuwar da take tsoron ɓata wa mutane wuri.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ina jin kyansa. Allah ya sanya albarka. To mayar da ni."

"Gwaggo, nan ne wurinki. Ni zan koma sama."

"Mayar da ni, 'yar nan, kafin masu gidan su dawo."

"Mu ne masu gidan. Ke ce mai gidan."

"Ki rufa mini asiri. Ban san inda komai yake ba a nan. In abu ya matse ni, a kan farantin mutane zan yi?"

Mai Tabarau ta durƙusa ta kama gwiwoyinta. Ta ce za ta koya mata, za su bi bangon tare kullum har hannun ya saba, za ta sa kafinta ya sauke tagar, za ta gaya wa Baba. Maganganun suna fitowa a hargitse, tabaranta ya yi hazo. Gwaggo ta lalubo kanta ta shafa.

"Hannun ya gaji, ƙawata. Ba ya ɗaukar sabon karatu."

Suna tsakiyar lungu a hanyar komawa ƙofar gida ta buɗe. Baba ya shigo da naɗin labule a kafaɗa, Mama a bayansa. Ya dubi ƙofar ɗakin a buɗe, ya hango kujerar a ƙarƙashin taga, ya dubi 'yarsa. Fuskarsa ta sauya. Ya sauke labulen a ƙasa.

"Gwaggo," ya ce, "in kina so ki koma, wallahi yau ɗin nan..."

"A'a, Ɗan Yaya. Na gani, na gode. Can ya ishe ni."

Baba ya tsaya. Mai Tabarau tana kallonsa lokacin da kafaɗunsa suka sauka, ya saki numfashi mai tsawo, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ta gane numfashin, domin ita ma a ƙasan kukanta akwai irinsa, ɗan ƙarami, yana cewa ɗakin ya zama nata.

"Kin ji da kunnenki," ya ce mata a hankali. "Ita ce ba ta so."

"Ai na faɗa," in ji Mama. "Tsoho ba ya son canji."

Suka ƙarasa. Da suka kusa ƙarƙashin bene Gwaggo ta saki kafaɗar yarinyar. Hannunta ya tafi kai tsaye ya kama ƙyauren, ta sunkuyar da kai daidai inda katako ya sauko, ta kauce wa bokitin fentin da ya rage, ta juya ta zauna a kan katifa ba tare da ta laluba ba. A duk gidan da ta tsufa a ciki, nan kaɗai ya rage wanda ta sani.

Baƙi sun yi ta zuwa ganin gida. Suna yaba tayil, suna yaba fenti, suna hawa bene suna saukowa. In wani ya ji tari daga ƙarƙashin ƙafarsa ya tsaya ya tambaya, akwai amsa a shirye, kuma kowa a gidan ya iya ta. An gyara mata ɗaki, an kai ta har ciki, ita ce ba ta so. Baba yana faɗa, Mama tana faɗa, Yaya yana faɗa. Wata ƙawar Mama ta taɓa tambayar Mai Tabarau, tana tsaye a bakin ɗakinta da littafi a hannu, ita ma ta ji bakinta ya faɗa.

Kuma babu wanda ya yi ƙarya. Ita ce ba ta so. Sai da suka tabbatar ba za ta iya so ba, sannan suka tambaye ta.